Kare Ya Riga Kyanwa Shiga Mota

Shekarar da muka tashi daga tsohon gidanmu na cikin gari muka koma sabuwar unguwa, sau uku ana saka kyanwar mahaifiyata a kwando ana kai ta sabon gida, sau uku tana komawa kangon da muka baro. A na ukun Inna ta ce a ƙyale ta, ai kyanwa ba mutum take bi ba, gida take bi. Da wannan magana na girma, ban kuma taɓa samun dalilin sake duba ta ba sai da karatu ya kai ni jihar Indiyana ta Amurka.

Wata Asabar a lokacin zafi, a wani zangon matafiya kusa da tafkin Mishigan, na ga wata zungureriyar mota mai tsawon babbar bas. A bayan gilashin gaba wata kyanwa mai ruwan toka ta miƙe tana shan hantsi. A ƙasa kuma ga kare ɗaure da igiya a jikin ƙafar tebur. Masu motar tsoho ne da matarsa, sun yi ritaya, sun sayar da gidansu, sun koma rayuwa a kan titi. Bayan mun gaisa na tambayi tsohuwar, na ce, "Mama, ita wannan ba ta gudu ta koma gida?" Ta ce, "Wane gida, ɗana? Ai ga shi nan tana ciki."

Amurkawa na kiran irin wannan mota RV. A Hausa ba na jin akwai sunan da ya dace da ita kamar tafi-da-gidanka, domin akwai gado, da madafa, da banɗaki, da firji. Amsar tsohuwar ce ta sa na shiga bin tarihinta, kuma abin da na tarar ya ba ni sha'awa ƙwarai: kare yana cikin tafiyar tun ranar farko, kyanwa kuwa sai da aka yi shekaru da dama ana gyara mata wuri.

Mafarin ba a Amurka yake ba, kuma babu inji a cikinsa. A shekarar 1885 wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotilan, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa keken doki mai ɗaki a birnin Biristol, ya raɗa masa suna Wanderer. Kafin shi, masu kwana a irin wannan keke sana'a ko hali ke sa su, kamar masu wasan nishaɗi da ke bin kasuwanni. Shi kuwa don jin daɗi kawai ya fita. Dawaki biyu ke jan keken. Ya tashi daga Twyford a kudancin Ingila ya nufi Inbanes a arewacin Sikotilan, tafiyar mil 1,300. Tare da shi akwai mai tuƙa dawaki, da baransa wanda kan wuce gaba a kan keke mai ƙafa uku don duba hanya, da wani tsuntsu dangin aku, da wani ƙaton kare mai suna Hurricane Bob. Mutumin nan masoyin kyanwa ne na gaske, har littafi ya rubuta a kanta. Amma da ya tashi tafiya, kare da aku ya ɗauka. Kalmar da Turawan Ingila ke kiran irin wannan ɗaki mai taya da ita ma daga Farisanci ta samo asali, kuma ma'anarta ta farko ita ce ayari, irin na fatake.

Da mota ta zo, Amurka ta karɓi abin hannu biyu-biyu. A 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya baje kolin wata mota a Niyok wadda kujerar bayanta ke zama gado, da ɗan wurin wanke hannu, amma wannan ta attajirai ce. Talaka Ford ɗinsa yake ɗaura wa tanti da risho da barguna ya kama hanya. A 1919 irin waɗannan matafiya suka kafa ƙungiya a garin Tampa na jihar Fulorida mai suna Tin Can Tourists, wato 'yan yawon gwangwani, saboda abincin gwangwani da suke ci. Alamarsu ita ce gwangwani da suke liƙawa a kan murfin lagireto don su gane juna a hanya. A irin wannan zango kare yana da aiki: shi ne mai gadi idan dare ya yi, kamar yadda yake ga makiyayanmu a ruga. Ya sauka, ya zagaya, a yi masa fito ya dawo. Kyanwa fa? Tanti ba shi da bangon da za ta amince da shi, kuma duk wayewar gari ƙamshin wurin daban ne. Idan ta firgita ta faɗa daji, kira ba ya dawo da ita.

Akwai kuma wata matsalar da masu rubuta tarihin motoci ba su cika kulawa da ita ba, alhali a ganina ita ce gishirin labarin. Ina kyanwa za ta yi bayan gida? A wancan zamani yashi ko toka ake zuba mata a akwati. Yashi ba ya riƙe wari, toka kuma tana bin ƙafarta ta ɓata ko'ina. A babban gida ana iya haƙuri da haka. A ɗaki mai faɗin taku uku, inda gado da tukunya ke kallon juna, ba mai iyawa. A cikin hunturun 1947, a wani ƙaramin gari mai suna Cassopolis a jihar Mishigan, wata maƙwabciya ta je wurin wani matashi, Edward Lowe, neman yashi domin kyanwarta. Mahaifinsa na sayar da wani busasshen yumɓu da masana'antu ke tsotse mai da shi daga daɓe, sai ya ba ta shi ta gwada. Ta dawo neman ƙari. Lowe ya fara ƙulla yumɓun a jaka yana rubuta Kitty Litter a jiki, yana yawo da shi a mota zuwa kantuna da wuraren baje kolin kyanwoyi. Wannan yumɓu shi ya mayar da kyanwar Amurka 'yar ɗaka. A shekarun 1980 aka samo wani irinsa da ke dunƙulewa idan ya jiƙe, a kwashe dunƙulen kawai a zubar.

Ranar da na duba taswira na ga tsakanin Cassopolis da Elkhart tafiyar kusan rabin awa ce, sai da na daɗe ina kallo. Elkhart ita ce cibiyar ƙera waɗannan motoci, a can da kewayenta ake yin mafi yawan na Amurka, har gidan tarihinsu na musamman akwai, kuma na shiga na ga tsofaffin tireloli jere. Ɗakin da abin da zai sa kyanwa ta zauna a cikinsa ashe maƙwabtan juna ne.

Duk da haka, labarin da ya fi shahara na kare ne. A watan Satumba na 1960 marubuci John Steinbeck, yana da shekara 58, ya sa aka ɗora ɗaki a bayan wata a-kori-kura ƙirar GMC, ya sa mata suna Rocinante, ya bar Sag Harbor don ya zagaya ƙasarsa, tafiyar kusan mil 10,000. Abokin tafiyarsa kare ne haifaffen Faransa mai suna Charley. Littafin da ya rubuta kan tafiyar, Travels with Charley, ya fito a 1962, shekarar da aka ba shi kyautar Nobel. Daga baya wani ɗan jarida, Bill Steigerwald, ya bi sawun tafiyar ya nuna cewa Steinbeck ya kwana a otal fiye da yadda ya nuna a rubuce. Na yarda da shi. Amma wahalhalun tafiya da dabba da littafin ya kawo, har gobe su ne dai. A kan iyakar Kanada, wajen Nayagara, Steinbeck ya juyo da baya saboda ba shi da takardar allurar haukan kare, an kuma gargaɗe shi cewa dawowa da karen zai yi wuya. A gandun dajin Yellowstone, Charley mai sanyin hali ya birkice da ya ga dabbar beya, har tilas suka bar wurin. Ciwon fitsari ya kama shi a hanya, sai a Amarillo ta jihar Tekzas aka dace da likitan da ya gane kansa. Akwai kyanwa a littafin, wani tsohon muzuru mai suna George a tsibirin Deer Isle na jihar Men. Yana gidansu, ba ya zuwa ko'ina, ba ya kuma maraba da baƙo.

A 1966 kamfanin Winnebago na garin Forest City a jihar Ayowa ya fara ƙera motar da injinta da ɗakinta ke haɗe, a farashin da ma'aikaci zai iya saye. Sannu a hankali janareta da na'urar sanyaya ɗaki suka zama ruwan dare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dabba, domin rufaffiyar mota a rana tanda ce, kuma gandayen dajin gwamnatin Amurka galibi ba sa barin kare a hanyoyin ƙafa na cikin daji, inda aka bari ma sai da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba. Dole ke nan a bar dabba a ciki na wasu awoyi. A Ingila kuwa, ƙasar Hurricane Bob, dokar killace dabba wata shida ta hana masu tirela ƙetarawa Turai da karnukansu su dawo, sai a shekarar 2000 aka sassauta ta ga dabbar da aka yi wa allura aka kuma saka mata 'yar ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata.

To a nan ne na gane Inna ba ta yi kuskure ba. Kyanwar da na gani a zangon nan ba halinta ta sake ba. Labulen nan shi ne na jiya, da kujerar, da kwanon, da ƙamshin bargon. Abin da ke wajen taga ne kawai ke sauyawa, yau tafki, gobe hamadar Arizona, inda dubban irin waɗannan motoci ke taruwa a garin Quartzsite duk hunturu. Shi kare kowane zango sabuwar duniya ce a wurinsa, sai ya shinshina kowace bishiya. Ita kuwa, in ji tsohuwar, ko an bar ƙofa a buɗe iyakarta bakin matakala.

Washegari da safe na tsaya na ga tashinsu. Motocin yanzu suna da ɓangaren bango da ke turowa waje idan an yada zango don ɗaki ya ƙara faɗi, a mayar da shi ciki idan za a tafi. Akwai wani lungu a bayansa da kyanwoyi ke son shiga, kuma wadda injin ya rutsa da ita a ciki ba ta fita lafiya. Saboda haka tsohon bai taɓa maɓallin ba sai da matarsa ta ɗauko kyanwar, ta saka ta a keji, ta ɗaure kejin da bel a kan kujera, ta leƙo ta taga ta ce masa tana hannu. Sannan bangon ya shige. Tsohon ya naɗe wayar lantarki da tiyon ruwa, ya kwance karen, wanda tuni ya ƙagu, ya yi tsalle ɗaya ya haye kusa da kujerar direba. Suka ɗago mini hannu, motar ta fita zangon a hankali ta karya kudu.