Ruwan Tibiri da rijiyoyin Magarya

Duk lokacin da na ji ana guɗa don an buɗe sabuwar rijiyar burtsatse a gundumar Magarya ko Dungas, Tibirin Gobir ce ke faɗo mini a rai. Ita ma da guɗa ta karɓi nata ruwan.

A 1985 aka fara ba mutanen Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiya mai zurfi wadda daga baya kamfanin ruwa na ƙasa, SNE, ya riƙa kula da ita. Ruwa ne garau, ba wari, ba ɗaci. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ninki uku na miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Ba wani ne ya zuba guba ba, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa take narkewa. Haƙoran yara suka fara yin ja, abin da mu kan ɗauka ado ne ko gado. Daga baya ƙafafu suka lanƙwashe, ƙasusuwa suka karkace, ɗaruruwan yara suka nakasa. Kusan shekara 15 ana shan ruwan nan kafin a daina. Sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ta ɗauki maganar, kuma FIDH ta fitar da rahoto a 2002, duniya ta waiwayo. A lokacin an riga an raba SNE gida biyu, SPEN da SEEN, tun 2001.

A ganina, abin da ya kashe Tibiri rashin awo ne. Da an kai kwalba ɗaya ɗakin gwaji a kan kari, kuma an karanta sakamakon, da an tsira.

Ƙasar Magarya da Dungas daban take, amma ba ta kuɓuta ba. A kwarin Korama ruwa na kusa, yashi kuwa ba ya riƙe komai: takin zamani na lambun rake da abin da ke tsiyaya daga masai suna iya gangarawa rijiya a matsayin nitirat, wanda ya fi cutar da jarirai idan ya haura miligiram 50 a lita. Ƙwayar Aquatabs tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai. Tafasawa ma ba ta cire fuloraid ko nitirat, sai dai ta ƙara musu ƙarfi idan ruwan ya ƙone.

Saboda haka ranar bikin buɗe famfo, kafin a yanke ƙyalle, ni takardar awon ruwan nake so mai gari ya nema, a karanta masa ita da Hausa, a kuma faɗi watan da za a dawo a sake aunawa.