Daga Babbar Rajista Zuwa Kwamfuta: Tarihin Adana Bayanan Ɗalibai a Makarantun Sakandaren Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ta da maganar adana bayanan ɗalibai a makarantunmu na sakandare, akan ɗauke ta tamkar gardama ce tsakanin takarda da kwamfuta, a jera amfanin wannan, a jera illar waccan, a tashi. A cikin wannan maƙala za mu bi ta wata hanya dabam. Za mu duba yadda aka soma rubuta sunayen ɗalibai a makarantun boko na Arewa, da abin da ya sa littattafan farko suka yi ƙarko, sa'an nan da ƙofar da kwamfuta ta biyo ta shigo. Abin da muke so mu nuna shi ne, hukumomin jarrabawa ne suka ɗora wa makarantu kwamfuta domin biyan tasu bukatar. Saboda haka abin da ya shiga cikinta shi ne abin da hukumomin nan suke nema, watau suna da hoto da maki, sauran tarihin yaro kuwa aka bar shi a kabad gara na ci.

2.0 Zamanin Babbar Rajista

Malamin allo ba ya da rajista, almajiransa a ka yake riƙe da su. A makarantar ilmi kuwa shaidar da aka sani ita ce ijaza, wadda malami kan ba ɗalibinsa, ya jera masa silsilar malaman da littafin ya biyo ta hannunsu. Amma a rubuta sunan yaro ranar da ya shiga, a ba shi lamba, a riƙa kiran sunansa kowace safiya, wannan al'ada ce da ta zo da makarantar boko, tun daga wadda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909.

Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, ita ce misali mafi kyau na ƙarkon wannan al'ada. Makarantar ta ƙaura zuwa Kaduna a 1938, ta sake ƙaura zuwa Zariya a 1949, aka raɗa mata suna Barewa a 1971. Duk da ƙaura biyu da sauye-sauyen suna, lambobin shiga ba su yanke ba, har ya zama tsofaffin ɗalibanta sukan haɗa sunansu da lambarsu, kuma da jin lambar mutum an san su wa ya tarar, su wa suka tarar da shi.

Littattafan da doka ta wajabta wa makaranta ba su da yawa. Akwai babbar rajista, watau rajistar shiga, inda ake rubuta lamba da suna da sunan uba ko waliyyi da gari da shekaru da makarantar da yaro ya fito, a bar gurbin ranar fita da dalilinta. Akwai rajistar kiran suna a hannun malamin aji, da littafin horo, da littafin baƙi. Sai kuma littafin al'amuran makaranta, wanda shugaba kaɗai yake rubutu a ciki: zuwan sabon malami, ziyarar sarki ko ta razdan, ɓarkewar sanƙarau ko ƙyanda, ranar da iska ta kwashe rufin ɗakin kwana, ranar da yara suka ƙi cin abinci. A ganinmu wannan littafi na ƙarshe ya fi sauran daraja ga mai nazarin tarihi, domin shi ne yake faɗin yadda aka zauna, sauran adadi kawai suke bayarwa.

Me ya sa waɗannan littattafai suka dawwama? Da farko dai ɗalibai kaɗan ne, shugaba ya san kowa da ubansa. Na biyu, sufeto yana zuwa, kuma abin da yake fara nema ke nan. A makarantun mishan ma taimakon kuɗin gwamnati ya rataya ne a kan rahoton sufeto, don haka wasa da rajista wasa ne da albashin malamai. Na uku kuma shi ne siffar littafin kansa. Ɗinkakke ne, ba a cire shafi ba a gane ba, kuma tun da lambobi a jere suke, babu hanyar cusa sunan wani tsakanin mutum biyu bayan shekaru sun wuce. In aka kankare, wurin yana nunawa. Wannan tsaro ne wanda babu wanda ya zauna ya ƙirƙiro shi, tawada da zare ne suka bayar.

An ga amfanin wannan a fili a watan Janairu na 2015, sa'ad da aka yi ta jayayya a kan takardar sakandaren Janar Muhammadu Buhari ana gab da zaɓe. Tsohuwar makarantarsa, wadda a 1961 ake kira Sakandaren Lardi ta Katsina, ita ce ta fitar da sakamakonsa, tare da kwafin jerin sakamako na hukumar jarrabawa ta Jami'ar Kambirij. Ba siyasar al'amarin ce ta dame mu a nan ba. Abin lura shi ne an nemi bayanin ɗalibi guda bayan shekara 54, aka kuwa sami inda za a duba, kuma a wuri fiye da ɗaya.

Sai dai kada mu yi wa babbar rajista yabon da ya wuce kima. Yawancin yaran ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai malami ya dubi tsawo da haƙora ya ƙiyasta shekara. Gurbin sunan dangi irin na Turawa kuwa ba mu da abin zuba masa, sai aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu. Daga nan muka sami su Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sardauna ma Ahmadu Raɓa ake kiransa a Katsina. A takarda wannan bai cuci kowa ba, gama mai karantawa mutum ne, ya san ƙiyasi ƙiyasi ne. Za mu ga yadda abin ya zama da mai karantawa ya koma na'ura.

3.0 Lokacin da Tulu Ya Cika

Shekaru goma ne suka rikita tsarin nan. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, a 1976 aka ƙara jihohi, aka kuma maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, kowane rabo kuwa sai an raba fayiloli da ma'aikata. A cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi da dama suka karɓi makarantun mishan da na al'umma. A watan Satumba na 1976 kuma aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. Yaran da suka shiga aji ɗaya a wannan shekara sun ƙwanƙwasa ƙofar sakandare a 1982, daidai lokacin da aka soma tsarin 6-3-3-4.

Shi wannan tsari, wanda ya samo asali daga Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, ya zo da awon ƙwazo na yau da kullum, watau a riƙa tara makin yaro tun shigarsa maimakon a jira jarrabawar ƙarshe. Da aka fara sabuwar jarrabawar kammala babbar sakandare a 1988, sai aka ware wa wannan awo kashi 30 cikin 100. Niyyar kyakkyawa ce, amma bari mu yi lissafi. A ƙaddara aji mai yara 60, darussa 9, kowane darasi gwaji uku da jarrabawa ɗaya a zango. Maki 2,160 ke nan a zango, 6,480 a shekara, na aji guda tak, kuma duk da hannu za a kwafe su daga littafin malami zuwa faffaɗar takardar maki, daga nan zuwa takardar sakamako, daga nan zuwa katin tarihin ɗalibi. Aikin rubutu ya ninka, masu dubawa suka yi kaɗan, kuɗin sayen fayil da kabad ya ja baya da tattalin arziki ya karye cikin shekarun 1980. Duk wanda ya koyar a wannan zamani ya san ɗakin ajiyar da ake jibge fayiloli a ƙasa, yoyo ta sama, gara ta ƙasa. Takarda ba ta sake hali ba, masu kiwonta ne nauyi ya fi ƙarfinsu.

4.0 Ƙofar da Kwamfuta Ta Biyo

A 1988 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, amma wannan darasi ne na aji, bai taɓa ofishin shugaba ba. Abin da ya taɓa ofis ya zo ne daga hukumomin jarrabawa uku: WAEC da aka kafa a 1952, da JAMB ta 1978, da NECO ta 1999. Bayan shigowar wayar salula a 2001 da yaɗuwar intanet, sai hukumomin nan suka mai da rajistar ɗalibai da duba sakamako ta intanet, aka kuma bukaci makarantu su aika da makin awon ƙwazo ta wannan hanya. JAMB ta soma jarrabawa a kan kwamfuta a 2013, ta mayar da ita gaba ɗaya a 2015. A 2022 WAEC ta buɗe hanyar samun satifiket ta intanet ga waɗanda suka zauna jarrabawa daga 1999 zuwa gaba.

Makarantar ƙauye da ba ta da wuta balle na'ura ba ta da zaɓi. Malamin jarrabawa ya ɗauki jerin sunaye ya tafi shagon intanet a birni, wani matashi da bai taɓa ganin yaran ba ya buga. Bayanin ya tafi Legas ko Minna, abin da ya rage wa makaranta shi ne ɗan filashi a aljihun malam, ko kwamfutar mai shago. Inda kuma makaranta ta sami tata kwamfutar, sau da yawa mutum ɗaya ne ya san kalmar sirri, in an yi masa canjin wurin aiki ya tafi da ita. Gara takan shekara tana cin rajista, kuma ana ganin ɓarnarta tun da sauran abin ceto. Kwamfuta kuwa in ta lalace, da safe guda ake rasa aikin shekara shida.

A nan ne maganar sunaye ta dawo, kuma ita ce ta fi shafar mu masu nazarin harshe. Na'ura ba ta san ƙiyasi ba, sai an ba ta rana da wata da shekara, don haka ɗaya ga Janairu ta zama ranar haihuwar jama'a masu yawa. Tana neman sunan dangi, yaro ya sa sunan ubansa a firamare, sunan kakansa a ƙaramar sakandare, sunan garinsu a babba. Muhammadu ɗaya yakan zama Mohammed a wata takarda, Muhammad a wata, Mamman a gida. Haruffanmu masu ƙugiya ba su da gurbi, Ɗanladi ya koma Danladi, alamar hamza ta faɗi daga A'isha da Sa'adu. A da akawu yakan dubi wannan ya ce ai mutum ɗaya ne. Da JAMB ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa a 2021, sai ya zama ana gwama bayanin na'ura da na na'ura, harafi ɗaya ya isa ya tsai da yaro, a tura uba kotu neman takardar rantsuwa. Kuskuren da mai shago ya yi cikin gaggawa ya fi babbar rajista ƙarfi, domin nasa ne hukuma take gani.

5.0 Ranar da Aka Nemi Adadi

Ba za mu yi adalci ba in ba mu faɗi inda ajiyar nesa ta yi rana ba. A daren 14 ga Afrilu 2014 'yan Boko Haram suka afka wa sakandaren 'yan mata ta Chibok, suka kwashe ɗalibai, suka sa wa gine-gine wuta. An riga an rufe makarantu da yawa a Jihar Borno, ɗalibai daga wasu wurare sun taru a nan domin jarrabawa. Aka shafe makonni ana saɓani a kan yawan waɗanda aka sace: aka ce 129, iyaye suka ce 234, daga baya aka ce 276. WAEC, wadda jerinta ba ya cikin abin da wuta za ta iya kai wa, ta ce ɗalibai 530 ta yi wa rajista a cibiyar, mata 395, maza 135. Kwamitin Janar Ibrahim Sabo ya ba da rahoto a watan Yuni cewa 276 aka sace, 57 suka kuɓuta, saura 219.

Amma jerin hukumar jarrabawa na 'yan ajin ƙarshe ne kaɗai. A Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, inda abin ya shafi yara na azuzuwa dabam-dabam, nan ma sai da aka ɗauki kwanaki kafin adadi ya tsaya. Yaron aji ɗaya ba ya cikin na'urar WAEC ko ta NECO, sunansa yana cikin rajistar malamin ajinsu ne. Ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da ma'aikatun ilmi suke yi kuwa jimla take tattarawa, ba ta amsa tambayar uwa mai neman ɗanta.

6.0 Abin da Muke Ba da Shawara

Tun daga 1954 da aka kafa ofishin adana takardun tarihi na ƙasa bisa shawarar Dokta Kenneth Dike, mai bincike yakan je reshen Kaduna ya karanta rahotannin jami'an ilmi na larduna. Rajistocin makarantu da littattafan al'amuransu kuwa galibi suna can makarantunsu, kwafi ɗaya tak. Muna ganin ya kamata ma'aikatun ilmi na jihohi su ɗauki hoton waɗannan littattafai shafi-shafi, a fara da tsofaffin makarantun midil na larduna, a ajiye kwafi a Kaduna da Gidan Arewa. Yaro kuma a shigar da shi na'ura tun ranar da ya shiga aji ɗaya, daga babbar rajista, a gaban waliyyinsa, da haruffan sunansa daidai, kuma a killace bayanin kamar yadda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanada. A ƙarshen kowace shekara a buga abin da ke cikin na'ura a takarda, a ɗinke, shugaba da sufeto su sa hannu, kwafi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya ya tafi ofishin shiyya. Littafin al'amuran makaranta kuwa, tun da babu hukumar jarrabawar da za ta taɓa nemansa, sai sufeto ya koma tambayarsa a kowace ziyara.