Sammako: Jarin Fatake Masu Ƙaramin Ƙarfi a Ƙasar Gwandu

Wanda ya ga motocin haya na barin Kalgo ko Jega bayan sallar asuba, cike da mutanen ƙauyuka irin su Cheberu, zai zaci mota ce ta kawo wannan ɗabi'a. Sammako ya girmi mota da ƙarnuka, kuma tun asali dabara ce ta mai ƙaramin guzuri. Ƙasar Gwandu, wadda ta zama cibiyar yammacin daular Usmaniyya a hannun Abdullahi ɗan Fodiyo bayan rabon mulki na 1812, tana kan hanyar fataken goro. Ayari kan taso daga Kano, ya yada zango a Jega, ya haye kogin Kwara, ya ratsa Bargu da duwatsun Atakora, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar watanni ce, kuma ba attajirai kaɗai ke yin ta ba. Akwai mai jaki ɗaya ko biyu da ya raɓu da ayarin don a haɗu a biya kuɗin fito da na sarakunan hanya, a kuma sami kariya.

Ga irin wannan falke, kowace sa'a ta safiya kuɗi ce. Madugu kan tayar da ayari da duku-duku, jagaba na gaba, domin a hau duwatsu da sanyin safiya tun jakuna ba su galabaita ba. In an sauka zango kafin rana ta take, dabba ta samu kiwo a daji kyauta, mai ita ya nemi itace da ruwa da kansa. Wanda ya makara kuwa sayen harawa zai yi, ko ya bi sawun ayari shi kaɗai a matsatsin dutse, inda 'yan fashi suka fi son tare hanya. Goro ma ba ya son zafi. In ya bushe, riba ta tafi.

Za a iya cewa zafin rana ne kawai dalili, ko kuma neman albarkar da addini ya ambata game da safiya. Duka biyun gaskiya ne, amma rana ba ta dukan mutane daidai. Attajiri na da barori da dabbobin canji, asarar yini ɗaya ba ta karya shi. Talaka kuwa in jakinsa ya faɗi a hawan dutse, jarinsa ne ya faɗi gaba ɗaya.

Hanyar Gwanja ta fara mutuwa bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892, daga baya goro ya koma zuwa ta teku da jirgin ƙasa wanda ya iso Kano a 1911. Lissafin dai bai sauya ba. Motar farko ce ke cika da wuri a tasha, kuma ita ke bai wa ɗan kasuwa damar cin kasuwar Jega ya koma gida ba tare da biyan masauki ba.