Ɗana ƙugiya da kifi mai rai

Ɗana ƙugiya da kifi mai rai wata hanya ce ta su wadda masunci yake soke ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya ba tare da ya kashe shi ba, ya sake shi cikin ruwa ɗaure da zare, ya bar alama a sama, sannan ya koma gefe ya jira ko ya tafi sai lokacin dubawa. Manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu ake nema da ita, irin su ragon ruwa, babbar tarwaɗa, tsage da giwan ruwa. Ta bambanta da fatsar hannu, inda mutum yake riƙe da sanda yana jin motsin kifi da kansa. Ta kuma bambanta da mari-mari, wato dogon zare mai tarin ƙugiyoyi da ba a sa musu abinci, kifi ne yake gogar su su maƙale a jikinsa. A kudancin jihar Kano babban ruwan da ake irin wannan su shi ne tafkin Tiga.

Tafkin Tiga

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin gwamna Audu Baƙo. Madatsar tana cikin ƙaramar hukumar Bebeji, wadda garin Ƙofa yake cikinta, ruwan kuma ya miƙe kudu ta wajen Tudun Wada har kusa da dajin Falgore. Idan tafkin ya cika yana mamaye kusan murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan mita mai siffar kubu biliyan biyu.

Ba don kifi aka yi madatsar ba. An yi ta ne don noman rani a yankin Kadawa da samar da ruwa ga birnin Kano, shi ya sa bukatar manoma ce take juya ruwan. Yana cika da damina, yana ja da baya da rani idan ana sakin sa zuwa gonaki. Wurin da masunci ya ɗana ƙugiya a zurfi a watan Oktoba yana iya zama tudu a watan Afrilu, dole ya riƙa bin bakin ruwa yana sauya wuri. Kifayen da aka fi samu da ƙugiya a nan su ne tarwaɗa da ragon ruwa. Giwan ruwa an fi sanin ta a Kogin Kwara, tafkin Kainji da Tafkin Chadi. Ita ce babbar cikinsu, tana iya kai tsawon mita biyu da nauyin kilo 200.

Kayan aiki

Kayan ba su da yawa: zaren roba mai ƙarfi, ƙugiya, abin nauyi kamar dutse ko dalma, da abin da zai yi yawo a saman ruwa. Da gora ake amfani, yanzu jarka da robar ruwa sun fi yawa. Ƙugiyoyi suna da lamba, kuma a tsarin da aka saba, lamba tana hawa ƙugiya tana ƙanƙancewa. Inda ake tsammanin tsage, ana ƙara ɗan siririn waya tsakanin zare da ƙugiya, saboda haƙoransa suna datse zaren roba.

Ana ɗana ƙugiya ɗaya a jikin gora ko a ɗaure ta a sanda mai lanƙwasa da aka kafa a gaɓa. Ana kuma jera ƙugiyoyi da yawa a doguwar igiya, kowacce a nata gajeren zaren, a shimfiɗa igiyar daga kwale-kwale, a sa dutse a kowane ƙarshe.

Ɗan kifin da ake sawa

Nan ne gwanintar take. Babban kifi mai farauta yana da wata jijiya a gefen jikinsa da yake jin girgizar ruwa da ita, kuma motsin kifi mai rauni ya fi komai jawo shi, ko da dare ko a ruwa mai laka. Matacce ba ya wannan motsi. Saboda haka aikin masunci shi ne ya sa ɗan kifin ya daɗe da rai.

Ana soke ƙugiya a bayansa, ƙasa da ƙayar baya kaɗan, a kauce wa ƙashin tsakiya, ko a soke ta ta leɓe. Idan ta taɓa ƙashin, kifin ya sandare kenan. 'Yan karfasa da kawara suna da ƙyalli da saurin motsi, amma kawara ba ta da juriya, tana saurin mutuwa. 'Yar tarwaɗa ta fi su ƙarko, domin tana da wata gaɓa a samansa matsarmamarta da take shaƙar iska kai tsaye, tana iya kwana a ƙugiya da ranta. Wannan ne ya sa masunta a Tafkin Biktoriya, a gabashin Afirka, suke sayen 'yan tarwaɗa musamman don kamun giwan ruwa. Kafin a ɗana, ana ajiye 'yan kifin a bokiti a inuwa ana sauya ruwa, ko a kwando cikin tafkin. Idan ba a samu ba a koma wa tana, kwaɗo ko gara, sai dai abin da suke kawowa yawanci bai kai girman wancan ba.

An fi ɗanawa da yamma a duba da asuba, don tarwaɗa da ragon ruwa da dare suke kiwo. Wuraren da ake nema su ne gefen duwatsu, kututturen itatuwan da ruwa ya shanye, da bakin rafukan da suke shiga tafkin. Gorar da take nutsewa tana tasowa, ko wadda ta bar inda aka ajiye ta, ita ce labari. Da hunturu ruwa yana yin sanyi, kifi ya rage ci ya koma zurfi, sai a tsawaita zare a kuma ƙara haƙuri.

A ƙasashen ƙanƙara

Ana samun irin wannan dabara a arewacin Amurka da Kanada, inda saman tafki yake daskarewa da hunturu har mutum ya taka. Masunci yakan huda rami a ƙanƙarar ya gitta wata 'yar na'ura a kai. Ƙasanta akwai kwarkwaron zare a cikin ruwa, don kada ya daskare, samanta kuma akwai tuta a jikin ƙarfe mai tsalle. Da zarar kifi ya ja, kwarkwaron ya juya, tutar ta miƙe, mai ita ya hango daga nesa ya zo ya ja zaren da hannu. Aikin gora tutar take yi. Cikin kifayen da ake kamawa haka akwai maski, dogon kifi mai haƙora da yake wuce mita ɗaya. Ba shi da yawa a kowane tafki, don haka ana tsananta dokarsa. A jihar Minesota ana rufe kamunsa a farkon Disamba, kuma akasarin masu kama shi suna mayar da shi ruwa. Don nishaɗi suke yi, masuncin Tiga kuwa abinci da kuɗin cefane yake nema.

Matsaloli da doka

Manyan kifaye masu farauta kullum su ne kaɗan a ruwa, kuma manyan mata ne suka fi zuba ƙwai. Ƙugiya mai kifi mai rai su take zaɓa. Amma abin da ya fi cutar da sana'ar shi ne raga mai ƙananan ido, wadda take kwashe 'ya'yan tarwaɗa da ragon ruwa tun ba su girma ba, ta haɗa da ƙananan kifayen da manya suke ci. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba, abin fashewa da wutar lantarki, ta kuma sa milimita 76 a matsayin mafi ƙarancin idon raga, ban da wasu keɓantattun kaya. A bakin ruwa, sarkin ruwa da dattawan masunta ne suke sasanta rigima kan wurin ɗanawa da satar kifi daga igiyar wani.

Igiyar da ta tsinke ko aka manta da ita tana ci gaba da kamu ba mai dubawa. Idan ruwa ya ja da baya da rani, ƙugiyoyinta suna fitowa a cikin laka, suna soke ƙafar yara masu wanka da shanun da ake kawowa shan ruwa.