Wa Ya Gina Ganuwar Kano?

A gindin Dala aka haife ni, amma a aji malaminmu ya koya mana cewa sarauta da ganuwa da duk wani abin alfahari na ƙasar Hausa baƙi ne suka zo da su daga gabas. Sai da na girma na gane ashe wannan karatu daga Ingila ya taso.

Lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, masanansu a can gida sun riga sun jera 'yan Adam hawa-hawa bisa launin fata, fari a sama, baƙi a ƙasa. Sai ga su gaban ganuwa da Kasuwar Kurmi da malamai masu alƙalami. To, ƙaƙa ke nan? Sai suka ce ai wasu masu hasken fata ne, zuriyar Hamu, suka wayar da kan baƙar fata. Flora Shaw, matar Gwamna Lugga, ta karkata nan a littafinta na 1905. H. R. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano a 1908, ya yi ta nemo mana asali a gabas. Fulani kuwa aka ce jinsi ne da aka halitta don mulki, maganar da ta yi wa mulkin Turawa ta hannun sarakuna daidai.

Gaskiya ne labarin Bayajida ya girmi zuwan Bature. Amma shi Tarihin Kanon ya nuna kafin zuwan Bagauda a 999 akwai mutanen Barbushe a Dala da shugabancinsu. Masu haƙar kayan tarihi kuma sun samu alamar ana narka ƙarfe a nan tun wajen ƙarni na 7. Ganuwa kuwa jikan Bagauda, Gijimasu, shi ya fara ta, da ƙasar Kano da hannun Kanawa.

A 1970 Abdullahi Smith na jami'ar Zariya ya rushe wancan ra'ayi, ya nuna yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni. Yusufu Bala Usman ya ɗora da littafinsa kan Katsina a 1981.

Abin da ke damuna, har yau in ka tambayi yaro a cikin gari asalinsu, sai ya ce Bagadaza ko Yaman, kamar zama ɗan nan abin kunya ne. Ni dai nakan hau Dala da 'ya'yana, in nuna musu ragowar ganuwa, in ce kakanninku ne suka kwaɓa ƙasarta. Allah ya sa mu dace.