Wutar Girki Daga Kashin Shanu: Amsa Ga Wani Manomin Kurfi

Tambayar wannan mako ta fito daga wani manomi a Kurfi. Ya ce ya ji ana hira a kasuwar Dutsin-Ma wai ana dafa tuwo da kashin shanu ba tare da an ƙone shi ba. Shin gaskiya ne, kuma wa ya ƙago?

To malam, gaskiya ne. Kashi, kara da ɓawo duk suna ɗauke da sinadarin kabon, wanda shi ne asalin gawayi. In aka dama kashi da ruwa a rufaffen rami, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sukan ci shi, su fitar da iskar gas mai kama wuta. Abin da ya rage kuma taki ne mai kyau.

A 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya lura iskar da ke ɓuɓɓugowa daga taɓon bakin tafki tana cin wuta. A 1895 aka kunna fitilun titi da gas ɗin masai a garin Exeter na Ingila. A shekarun 1970 ƙasar Sin ta gina miliyoyin irin ramukan nan a ƙauyuka. Nan gida kuwa, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, ta daɗe tana gwada su.

Amma fa kakanninmu ba su jira boko ba. A shekarun 1960 Michael Mortimore ya rubuta yadda jakuna ke kai itace birnin Kano su komo da takin shara, abin da ya sa ake noma gona kowace damina ba hutu. Masana sun zo ne suka bayyana dalili.

Sai dai ramin gas yana son siminti, ruwa kullum, da shanun da ke kwana a turke. In ba ka da halinsa, tara kara, toka da kashin awaki a rami, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa har su ruɓe. Duk karan da ka cinna wa wuta, abincin gonarka ne ya bi hayaƙi. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman gona a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011.

Da fatan ka gamsu. Allah ya ba mu damina mai albarka.