Gigin tsufa: wahalar mai ciwo da ta masu jinyarsa

Gigin tsufa, ko cutar mantuwa, lalura ce ta ƙwaƙwalwa wadda take rage wa mutum tunawa da abubuwa, tunani, magana da iya kula da kansa, sannu a hankali cikin shekaru. Ba kowane tsoho ne yake kamuwa da ita ba. Akwai 'yan shekara 90 da hankalinsu garau yake, akwai kuma wanda take kamawa tun bai kai 65 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe marasa ƙarfin tattalin arziki irin namu.

A garuruwa irin su Rara, Rabah, Wurno da Goronyo, da wuya a kawo tsoho asibiti saboda mantuwa kawai. Ana cewa "ai tsufa ne", sai ranar da ya ɓata a hanyar masallaci, ko ta kusa ƙona ɗaki da garwashi, sannan hankali ya tashi.

Me ke kawo ta?

Mafi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, cutar Alzheimer ce, wadda wani likita Bajamushe mai wannan suna ya fara bayyanawa a 1906. A cikinta wasu sinadarai ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa suna kashe ƙwayoyinta. Ta biyu ita ce wadda toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke kawowa, kuma ita ce na fi so mai karatu ya riƙe, domin tushenta hawan jini ne da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Mutum ya shekara ashirin jininsa na sama, bai taɓa gwaji ba, ko yana shan magani sai in kai ya yi ciwo. Ƙananan jijiyoyi suna ta toshewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya sani ba.

Ba sammu ba ne, ba aljanu ba ne, ba kuma maita ba. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko wanke kayan mai ita.

Yadda take bayyana

Da farko mantuwar abin da ya faru yanzu ce. Inna ta ci tuwo, bayan ɗan lokaci ta ce an hana ta abinci tun safe, amma za ta ba ka labarin bikinta da sunayen ƙawayenta daki-daki. Wannan ne ke sa iyali su ce da gangan take yi. Ba da gangan ba ne: tsohon tunani ya riga ya kafu, sabo ne ba ya zama. Sai maimaita tambaya ɗaya, rikicewar lissafin kuɗi, mance raka'o'in salla, da ajiye abu a mance sannan a ce an sace.

Daga baya mutum ya kan kasa gane hanya, ya kira ɗansa da sunan ƙanensa da ya rasu, ya naɗe kaya ya ce zai tafi gida alhali yana cikin gidansa. Da yawa rikicewar ta fi tsananta da la'asar sakaliya zuwa magariba. Tunda an saba danganta magariba da iskokai, nan take a ce shafar aljanu ce. Likitoci a ko'ina a duniya sun san wannan alama, gajiya da raguwar haske ne ke ƙara dagula ƙwaƙwalwar da dama ta raunana. A ƙarshe mai ciwon ya kan kasa riƙe fitsari da bayan gida, ya kasa ci da kansa, ya kwanta.

Abin da mai ciwon ke ji

Ana yawan mance cewa shi ma yana shan wuya. A farkon ciwon ya san wani abu na kuɓuce masa. Dattijon da ake kawo wa shawarar aure da rabon gona, yau jikoki na yi masa dariya don ya sa riga a bai-bai. Wasu su daina fita majalisa don kunya, wasu su zama masu faɗa. Faɗan nan sau da yawa tsoro ne. Ka yi tunanin wadda ba ka sani ba ta zo tana tuɓe maka kaya za ta yi maka wanka, alhali 'yarka ce.

Tsofaffi mata sun fi shiga haɗari. Tsohuwa mai yawo da dare, mai magana ita kaɗai, mai ambaton matattu, ba ta da wuyar samun sunan mayya, musamman in ba ta da ɗa namiji a kusa. Daga nan sai ƙyama, wani lokaci har da duka.

Rashin tsaro a gabashin Sakkwato ya ƙara wani nauyi. Mai wannan ciwo da sabo yake rayuwa, ya san inda randa take da inda ƙofa take. In harin 'yan bindiga ya sa iyali suka yi gudun hijira zuwa wani gari, ya kan rikice fiye da da, ya riƙa neman hanyar komawa ƙauyensu. A irin wannan hali kada a bar shi shi kaɗai, a kuma ɗauko masa abin da ya saba da shi, ko da buta ce da tabarma da carbi.

Nauyin da ke kan iyali

Kusan kullum jinyar kan faɗa kan mace ɗaya: matarsa, 'yarsa, ko matar ɗansa. Ita ce ba ta barci, ita ke wanki, ita kuma ake zargi da sata in kuɗi ya ɓata a ƙarƙashin matashi. Na ga auren da wannan zargi ya kusa kashewa, don miji ya gaskata mahaifiyarsa bai san ciwo ne ke magana ba. Ga ɗawainiyar kuɗi, ga aikin fadama da ya tsaya. Mai jinya ta kan ji haushi, sannan ta ji ta yi zunubi don ta ji haushin iyaye. Wannan gajiya ce ta ɗan Adam. 'Yan'uwa su raba kwana, wanda ke birni ya aiko da kuɗi, a ba ta hutu ko na yini ɗaya a mako.

Abin da za a yi a gida

Kada a yi musu da shi. In Baba ya ce zai je wurin mahaifiyarsa, kada a ce "ai ta rasu", don zai ji mutuwar sabuwa fil kowane lokaci. A ce "Baba, ba ni labarinta", a kawo shayi, maganar za ta wuce. A riƙe lokaci ɗaya na abinci da wanka da barci. A rufe rijiya, a kawar da ashana, maganin feshi da fetur. A ɗinka masa takarda mai suna da lambar waya a aljihu, a sanar da maƙwabta da mai unguwa. Ɗaurewa da igiya ko kullewa a ɗaki yana ƙara firgita shi, yana kuma kawo gyambo. Lokacin zafi a riƙa miƙa masa ruwa, ba zai tuna ya nema ba. Batun azumi a tuntuɓi likita da malami tare.

Yaushe za a je asibiti?

Tun farkon alamu. Akwai abubuwan da ke kama da gigin tsufa amma suna warkewa, kamar ciwon damuwa, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo da rashin ji sosai. In kuwa rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da zazzaɓi, yawan barci, ko karkacewar baki, a tafi ranar. Zai iya zama zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, faɗuwar suga ko bugun jini.

A fara da babban asibiti mafi kusa don gwajin jini da suga. Daga nan ana turawa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Zuwa Kware ba ya nufin mutum ya haukace. Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar. Donepezil da memantine suna ɗan sassauta alamu ga wasu na wani lokaci, kuma likita ne kaɗai zai rubuta su. Kada a sayi maganin barci a kemis a ba tsoho, yana ƙara ruɗa shi, ya faɗi ya karye. In za a zo, a taho da wadda ke jinyarsa kullum da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya.